Tsakanin Tebur da Manhaja: Matsayin Haɗa Sauti a Waƙoƙin Hausa na Yau

1.0 Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan masu sana'ar ɗaukar waƙa a Turai da Amurka suna jayayya a kan wata mas'ala, wato ko ya fi kyau a haɗa sautin waƙa a kan babban tebur mai wayoyi da maɓallai, irin na'urorin da ake kira analog, ko kuwa a gama aikin gaba ɗaya a cikin kwamfuta ta hanyar manhaja. Masu goyon bayan tebur suna cewa sautinsa ya fi ɗumi da kauri, masu goyon bayan manhaja kuwa suna cewa ta fi sauƙi da arha, kuma kunne ba ya iya rarrabewa. Mu ma a nan ƙasar Hausa muna da irin wannan magana, sai dai da wata fuska. Akan ji dattawa suna cewa kiɗan yanzu ba shi da rai, ba shi da nauyi irin na Shata ko na Ɗanƙwairo, daga nan sai a ɗora wa kwamfuta laifin.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa ƙorafin dattawan yana da tushe, amma ba a wurin haɗa sauti ɓarnar ta auku ba. Ta auku ne tun kafin a zo nan, a wurin da aka daina kawo makaɗi gaban makirfo, aka kuma tilasta wa mawaƙi ya bi kiɗan da aka riga aka ƙulla. Za mu riƙa komawa ga ƙasar Kunci, da ke arewacin Kano a maƙwabtaka da Bichi da Tsanyawa, domin irin waɗannan garuruwa na manoma su ne ma'aunin gaskiya: a can ake da sauran makaɗan hannu, a can kuma ake sauraren yawancin abin da birni ya haɗa.

2.0 Ma'anar Haɗa Sauti da Hanyoyinsa Biyu

Abin da ake nufi da haɗa sauti shi ne aikin da ake yi bayan an ɗauki muryoyi da kayan kiɗa, kowanne a layinsa daban, sannan a tara su su zama waƙa guda. Mai haɗawa shi ke yanke shawarar wane amo zai fito gaba, wanne zai koma baya, wanne za a ƙara masa kauri, wanne za a rage masa kaifi, da kuma yawan amsa-kuwwar da za a sa wa murya.

A tsohuwar hanya, makirfo yana mai da sauti ya zama wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da hawa da saukar muryar, wutar ta bi waya ta shiga tebur, a can a gauraya ta da sauran layuka, a zuba a kan zaren maganaɗisu. Kamfanonin Ingila irin su Neve da SSL sun yi suna wajen ƙera irin waɗannan tebura. Duk inda wuta ta ratsa taransifoma ko zaren kaset, takan ɗan jirkita, ta ɗauko wasu ƙananan amo da babu su a asali. Wannan jirkita ita ce masu sha'awar tebur ke kira ɗumi. Ya kamata mu riƙe wannan batu, domin za mu dawo gare shi: ɗumin da ake yabo wani irin gurɓata ne da kunnen Bature ya saba da shi har ya so shi.

A sabuwar hanya kuwa, ana auna sautin sau dubbai a daƙiƙa guda, a mai da shi lambobi. Faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Da zarar sauti ya zama lambobi, haɗa shi ya koma lissafi. Manhajar Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus ta fito a 1989, Pro Tools a 1991, sai FruityLoops ta kamfanin Image-Line na Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003. Fa'idar wannan hanya a fili take. Ana iya ajiye aiki a dawo masa bayan wata guda a same shi yadda aka bar shi, ana iya warware kuskure, kwafi ba ya rage ingancin asali, kuma akwai ƙananan manhajoji masu kwaikwayon ɗumin tsofaffin tebura. Har a Turai da Amurka ɗin ma jayayyar ta yi sanyi, tun da manyan masu haɗa sauti irin su Andrew Scheps sun bar teburansu sun koma cikin kwamfuta ba tare da kasuwarsu ta faɗi ba.

3.0 Haɗin da Ya Riga Na'ura

Kafin zuwan tebur ko manhaja, Bahaushe yana haɗa sauti, sai dai da jiki da fili yake yi. Mu ɗauki kiɗan noma, irin wanda ake yi a gonakin gero da dawa na ƙasar Kunci ranar gayya. Mai gangar noma ba ya tsayawa wuri guda. Yakan bi bayan manoma, ya matsa kusa da wanda ya ga ya fara sanyi, ya kaɗa masa takensa, ya ja baya idan mai kirari zai ɗaga murya. Saurin kiɗan yana bin saurin hauya, idan rana ta take aiki ya yi nauyi kiɗa ya sassauta, idan an hango ƙarshen kunya ya ƙara wuta. Duk abin da mai haɗa sauti ke yi da maɓalli, wato ƙara wannan da rage wancan, makaɗin nan yana yin sa da ƙafarsa da hannunsa da kunnensa.

Haka abin yake ga manyan ƙungiyoyi. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai ji cewa muryarsa ce ke jan ragamar komai. Kalangai sukan lafa idan yana zuba ɗan waƙa, su taso idan 'yan amshi sun karɓi gindi, su cike gurbin da ya bari idan ya ja numfashi. Tsawon ɗiyan waƙarsa ba ɗaya ba ne, wani gajere wani dogo, gwargwadon abin da yake son faɗa, kuma makaɗa ke jiran sa. Shi ya sa Bakandamiya ta zo mana a ɗauka iri-iri, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin matsayin Shata a kundinsa na digirin digirgir a Jami'ar Indiana a 1975, tun mawaƙin yana tsakiyar ƙarfinsa. A wajen makaɗan fada kuwa, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, haɗin ya fi wannan sarƙaƙiya, domin 'yan amshi ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba, sukan tarbi jagora a tsakiyar magana su ƙarasa masa, alhali hannuwansu na kan kotso ko taushi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bayyana ire-iren wannan amshi a rubuce-rubucensa a kan waƙar baka. Shi kansa Ɗanƙwairo daga gidan kiɗan noma ya taso kafin ya shiga fada, abin da ke nuna cewa gona da fada makaranta ɗaya suka yi.

Muhimmin abin lura a nan shi ne ƙa'ida guda ta ratsa duk waɗannan: magana ce gaba, kiɗa na biye da ita.

4.0 Shigowar Na'ura

Na'urorin farko da suka ɗauki waƙar Hausa ba su taɓa wannan ƙa'ida ba. Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da sauran gidajen rediyo, da kamfanonin faifai irin su EMI, duk abin da suka yi shi ne su tara ƙungiya a ɗaki guda, su kafa makirfo, su ce bismilla. Aikin ma'aikaci bai wuce ya matso da jagora kusa, ya tura masu ganga baya kaɗan ba. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kai waɗannan waƙoƙi kowace kasuwar ƙauye. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin kaset-kaset ɗin da jama'a suka saurara ba su da ingancin sauti, domin kwafin kwafi ne, cike da shuu, wani lokaci zaren ya ja murya. Wanda duk ya ce ɗumin analog ne ya sa waƙoƙin da suka yi daɗi, to, ya manta da irin kaset ɗin da ya saya a tasha. Abin da ya tsira ta cikin wannan shuu, har ya kama zuciya, shi ne mutane suna kiɗa tare suna sauraren juna.

Kayan kiɗa na lantarki ma ba baƙi ba ne a wannan yanki kamar yadda ake zato. A Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan na lantarki a gidan rediyon ƙasar tun 1978. Amma babban juyi a Kano ya zo ne da finafinan bidiyo. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, masu shirya fim sun buƙaci kiɗa mai arha da sauri, sai aka koma ga ƙananan fiyano na Casio, daga baya na Yamaha jerin PSR, a ɗakuna irin na Iyan-Tama. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda waɗannan fiyano suka zama tushen kiɗan fim, musamman bayan karɓuwar Sangaya a 1999. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiya sukutum. Da kwamfuta ta yi arha, sai fiyano ya zama bawan manhaja, a danna a kansa, ita kuma ta ajiye, ta jera, ta maimaita.

Daga wannan tarihi za mu fahimci cewa waƙar Hausa ta zamani ba ta taɓa zama a kan babban tebur irin na London ba balle a ce ta bar shi. Daga makirfon rediyo ta tsallaka zuwa fiyano da kwamfuta. Saboda haka ɗauko jayayyar Turawa yadda take a dasa ta a Kano aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

5.0 Abubuwan da Suka Sauya

5.1 Wa ke bin wani

A yawancin ɗakunan ɗaukar waƙa na yau, mawaƙi yakan rera wa mai kiɗa karin waƙarsa, mai kiɗa ya zaɓi sauri, wato adadin bugu a minti guda, ya gina ɗan guntun kiɗa, ya sa manhaja ta maimaita shi daga farko har ƙarshe. Bayan nan ne mawaƙi zai shiga ɗan ɗaki shi kaɗai, ya sa abin ji a kunne, ya ɗora murya. Ƙa'idar da muka ambata ta juye ke nan: kiɗa ne gaba, magana na biye. Sakamakon haka ɗiyan waƙa suka koma tsawo ɗaya kamar an yanka da almakashi, saurin da aka fara da shi da shi za a gama, babu wurin da kiɗa zai lafa domin wata kalma mai nauyi ta sauka. Wannan, a ganinmu, shi ne rashin ran da dattawa ke ji. Da za a ɗauki irin wannan waƙa a bi da ita ta teburin Neve mafi tsada, za ta fito da kauri, amma ba za ta koyi jiran mawaƙi ba.

5.2 Karin harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai karin sama da na ƙasa da faɗau, ga kuma tsawon wasali. Da karin sauti ake rarrabe kukan yaro da kukar miya, da shi ake rarrabe wuyan mutum da wuyar aiki. Kalangu yana iya magana ne domin makaɗi yana matsa tsarkiyarsa a hammata ya sassauta, amo ya hau ya sauka yadda muryar mutum ke yi. Masana sun daɗe da lura da dangantakar karin harshe da raujin waƙa, har Paul Richards ya auna ta a wata waƙar Hausa a 1972. Ba a ce rauji yana bin karin harshe sau da ƙafa ba, ko a bakin magabata ma, amma yana girmama shi.

Fiyano an gina shi ne a kan matakai goma sha biyu tsayayyu, babu komai a tsakaninsu. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, aikinta shi ne ta jawo kowace murya zuwa matakin da ya fi kusa da ita. Idan aka sa ta da sauƙi takan gyara ɗan kaucewa ba tare da an ji ba. Idan aka ƙure ta, kamar yadda ya zama ruwan dare a waƙoƙin soyayya na fim, sai ta kakkarya gangarar murya ta mai da ita tsalle-tsalle. Kalmomi irin su rai da mai da yara, waɗanda ke ɗauke da faɗau, gangara ce rayuwarsu. Ba mu ce mai sauraro ba zai gane ma'ana ba, domin muhallin magana yakan taimaka, amma lafazin yakan fita daga bakin Bahaushe ya koma na inji. Ba laifi ba ne mawaƙi ya zaɓi wannan amo da gangan a matsayin ado. Abin da muke suka shi ne ya zama dole, har a rasa muryar da za a bari yadda Allah ya yi ta.

5.3 Ziza

A nan za mu koma ga batun gurɓatar da muka ce a riƙe. Kunnen Bahaushe yana son ziza a cikin kiɗa. Domin haka ake maƙala ceba a kan wuyan garaya, wato ɗan ƙarfen nan mai zobba da ke kaɗawa idan an taɓa tsirkiya, domin haka ake ɗaura zare a fuskar wasu ganguna, domin haka kuma ake liƙa nake a tsakiyar fatar taushi da kotso a sauya musu amo. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi a kan ɗan gwangwani, amma amonsa ya cika fili domin ba shi da santsi. Sautukan da ke zuwa a cikin fiyano da manhaja an wanke su tas, kuma an ɗauko su ne daga kayan kiɗan wasu ƙasashe. Mai kiɗa yakan nemi wanda ya fi kama da kalangu ko sarewa ya yi amfani da shi, kama kuwa ba ta zama asali. Har ila yau, idan aka kawo garaya ta gaske, mai haɗa sautin da ya koyi aiki daga darussan Turawa a intanet yakan ɗauki zizar nan datti ce, ya sa manhaja ta share ta. Abin mamaki shi ne, shi wannan mai haɗawa zai koma ya ɗora manhajar kwaikwayon ɗumin tebur, wato ya share gurɓatar da kunnenmu ke so, ya sayo wadda kunnen wasu ke so.

5.4 Amshi

A da amshi muryoyin mutane ne daban-daban, wani mai kauri wani siriri, wani ya ɗan riga wani ya ɗan makara, wannan rashin daidaito shi ke ba shi faɗi. Yanzu sau da yawa murya ɗaya ce ake ɗauka a ninka ta, a kwafe amshin farko a liƙa shi a duk inda ake buƙata. Amshi na goma ya zama tagwayen na farko, alhali a fage amshi yakan ƙara zafi yayin da waƙa ke tafiya.

6.0 Abin da Kwamfuta Ta Kawo na Alheri

Adalci ya wajaba mu faɗi ɗaya ɓangaren. A al'adance kiɗa sana'ar gado ce, kuma al'umma ba ta ɗaukaka matsayin mai yin ta ba. Ɗakin ɗaukar waƙa ya buɗe ƙofa ga wanda ba ɗan gidan makaɗa ba, ga mata, ga masu rubutacciyar waƙa da ba su da ƙungiya. Da wuya a ce Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, ko Fati Nijar, ko Nura M. Inuwa sun isa inda suka isa ba da wannan hanya ba. Naziru M. Ahmad kuma ya nuna cewa ana iya dawo da zubin waƙar fada, da gindi da amshi da kirari, a cikin ɗakin zamani, jama'a su karɓa.

Misalin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa na Nijar, yana da amfani a nan. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da gangar inji da Auto-Tune irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel har suka kai kunnen duniya. Daga baya ya koma ɗauka da cikakkiyar ƙungiya masu kiɗa tare. Ɗaki mai arha ne ya fitar da shi, kiɗan haɗin gwiwa ne ya tabbatar da shi, kuma ba a ce ɗaya ya hana ɗaya ba.

Game da tebur kuwa, sai mu dubi halin da muke ciki. Babban tebur yana son wutar lantarki tsayayya, da ɗaki mai sanyi, da kariya daga ƙurar hunturu, da kayan gyara da sai an sayo da kuɗin waje, da ƙwararren da zai gyara. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tana aiki da batir ko hasken rana, ana iya saka ta a jaka a hau babur da ita. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci ga hujjarmu, domin tana nufin ɗakin ɗauka zai iya zuwa wurin makaɗi, maimakon makaɗi ya yi tattaki zuwa birni.

7.0 Kunnen Mai Sauraro da Aljihun Makaɗi

Manomi a ƙauyukan Kunci ba a ɗakin gwaji yake sauraren waƙa ba. Yana jin ta ne ta ƙaramar rediyo, ko ta wayar hannu da aka tura wa waƙoƙi a memori ranar kasuwa, ko ta lasifikar biki da aka ƙure har tana ƙara. Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi irin na babbar ganga, kuma matse waƙa da ake yi domin ta shiga memori yana zubar da wani ɓangare na sautin. Ɗan bambancin da ke tsakanin tebur da manhaja, wanda ƙwararru ke wahalar ji a ɗaki mai tsada, ba zai kai ga wannan kunne ba ko kusa. Abin da ke kaiwa shi ne ko kalmomi sun fito, ko kiɗa ya danne su, ko waƙar tana numfashi. Mai haɗa sautin da ke son jama'a, sai ya gwada aikinsa a irin wayar da suke riƙewa kafin ya sake shi.

Akwai kuma batun abinci. Idan mai biki ya ga hayar mai lasifika da janareta ta fi sauƙi a kan ɗauko makaɗa da ciyar da su, to, mai kalangu ya rasa ranar aiki. Idan ranakun aiki suka ƙaranta, ɗansa ba zai ga dalilin koyo ba. Take da kirari na manoma da mahauta da maƙera da 'yan dambe ba a rubuce suke ba, a hannun makaɗa suke, kuma duk gidan da ya ajiye ganga ya tafi da nasa kason. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallansu a littafinsu na 1971, wanda duk ya duba shi yau zai ga yawan abin da kunnen matasa bai taɓa ji ba. Wannan ita ce asarar da ta cancanci damuwar wannan taro.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin a ci gaba da haɗa sauti a cikin kwamfuta, domin ita ce ta dace da aljihunmu da wutarmu da yanayinmu, amma a gyara abin da ake zuba mata. Na farko, a riƙa ɗaukar jagora da 'yan amshi da makaɗa tare a lokaci guda, a kashe agogon awon bugu idan waƙar ba ta rawa ba ce, tun da babu manhajar da ta wajabta amfani da shi. Na biyu, a sassauta gyaran murya yadda faɗau da tsawon wasali za su tsira. Na uku, a koya wa masu haɗa sauti cewa ziza ado ce, a kuma sa su saurari tsofaffin ɗauka na gidajen rediyo kamar yadda ɗalibin waƙa ke karanta magabata. Na huɗu, sassan Hausa na jami'o'inmu, tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su fita da na'urori zuwa garuruwa irin su Kunci lokacin damina da kaka, su ɗauki kiɗan noma da na dambe da na biki a muhallinsu, su kuma tanadi taskar amon kalangu da kotso da gurmi da kukuma na gaske domin masu kiɗan kwamfuta, bisa sharaɗin a rubuta sunan makaɗi a kuma biya shi. Na biyar, a gaggauta juyar da tsofaffin zaruruwan da ke gidajen rediyo zuwa dijital, domin zaren maganaɗisu yana lalacewa da zafi da daɗewa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tebur da manhaja duka kayan aiki ne, kowannensu yana mayar da abin da aka ba shi. Tambayar da ta kamata masu nazarin waƙar Hausa su riƙa yi wa kowace sabuwar waƙa ita ce, wa ya yi kiɗan, kuma ya saurari mawaƙin ko bai saurare shi ba. Muna fata masu nazarin harshe daga cikin mahalarta za su ɗauki batun faɗau da muka taɓo su auna shi a waƙoƙi masu yawa, na da da na yanzu, domin a san iyakar abin da ya sauya.